Tsakanin Landan Da Faris: Minti 50 A Sama, Kwana 28 A Ƙasa

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Turai ya aza tsinke tsakanin Landan, babban birnin Ingila, da Faris, babban birnin Faransa, zai tarar nisansu a miƙe kilomita 344 ne, watau mil 214. Wannan kusan daidai yake da tsakanin Kano da Abuja, in da mutum tsuntsu ne. Kamfanonin jiragen sama sukan rubuta awa ɗaya da kwata, ko awa ɗaya da minti 20, a jikin tikiti, amma abin da jirgi kan yi a sarari, daga ɗaga ƙafarsa zuwa sauke ta, bai cika wuce minti 50 ba. Sau da yawa fasinja bai gama kurɓar shayin da aka miƙo masa ba zai ji ana cewa kowa ya ɗaure ɗamararsa, za a sauka.

Waɗannan alƙaluma duk gaskiya ne, babu ƙari a cikinsu. Sai dai fa tafiyar jirgi suka auna. Ita tafiyar mutum daga ƙofar gidansa take farawa, kai, tun ma kafin ya taka ƙofar, daga irin takardar da ke cikin aljihunsa. Mutum biyu suna iya zama gida ɗaya a Landan, Faris ta kasance tafiyar hantsi ga ɗayansu, ga ɗayan kuwa tafiyar wata guda. Abin da ya sami wani malami a shekarar 2019 ya isa mai karatu ya gane haka.

Shi wannan malami yana koyarwa ne a wata kwalejin horon malamai a jihar Katsina, ya sami gurbin karatun digiri na biyu a Landan a ƙarshen 2018. Yana da taubashi, ɗan kawunsa, haifaffen Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya shekara 14 a Faransa yana aikin akanta a wani kamfanin dakon kaya, yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku a Saint-Denis, arewa da Faris. Tare suka tashi. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma suna yara duk hutun makaranta ɗaya yakan bi motar 'yan kasuwa ta Jibiya ya tafi wurin ɗan'uwansa, su ci akushi ɗaya, su kwana tabarma ɗaya. Iyakar da ta sa wannan ya yi boko da Ingilishi, wancan da Faransanci, a cikin biranen nan biyu aka shata ta, a yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Saboda haka da girma ya zo kowa ya bi inda harshen makarantarsa ya nuna masa, wannan Landan, wancan Faris.

Ranar da Malam ya sauka Ingila, taubashin ne ya fara buga masa waya. Ya ce, "Kai bawan Sarauniya, ka iso ke nan? To, ga ni nan bayan katangarka, ko tari na yi sai ka ji." Malam ya ce, "Kai dai bawan Faransa, tara mini kuɗin sharata na shekara 14, ina nan tafe in karɓa." Wannan gardama ta kuɗin shara sun fi shekara talatin suna yin ta, kowa na cewa shi ke bin ɗan'uwansa. Suka yi alkawari sai Malam ya miƙa kundin bincikensa a watan Satumba, sa'an nan ya haye ya yi musu mako guda. Ba wanda ya ga dalilin gaggawa, tun da nesa ta riga ta zo kusa.

Ran Juma'a, 16 ga Agusta, 2019, kwana biyar bayan Babbar Salla, sai matar taubashin ta kira shi da dare. Ta ce, "Yaya, ɗan'uwanka yana asibiti tun shekaranjiya. Hanta ce. Likita ya ce in akwai dangi a kusa a sanar da su." A duk faɗin Turai kuwa ba su da dangin da ya fi shi kusa.

Nan take Malam ya duba jadawalin jirage a wayarsa. Ga su nan a jere tun daga asuba har dare, kujeru na nan, kuɗin tikitin ma bai fi ƙarfinsa ba. A lissafin jadawali, in ya tashi da jirgin farko zai yi sallar azahar a gefen gadon mara lafiya. Ɗalibin da suke haya tare, mai riƙe da fasfon Birtaniya, da shi ne da haka za a yi. Amma fasfon Malam kore ne, na Nijeriya, kuma bizar karatun da ke jikinsa iyakarta Birtaniya. Ko da yake a lokacin Birtaniya tana cikin Tarayyar Turai, ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Schengen ba, wadda aka ƙulla a 1985 ta fara aiki a 1995, ta kawar da duba fasfo tsakanin Faransa da maƙwabtanta. Watau dai kafin Malam ya taka ƙasar Faransa sai ya nemi wata bizar daban.

Ba ƙananan takardu ake bukata ba. Akwai fom da hotuna, da wasiƙar makaranta, da bayanin abin da ke asusunsa na banki, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000, da shaidar masauki. A dokar Faransa, wanda zai sauki baƙo a gidansa sai ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar amincewa. To, mai gidan da takardun haya ke ɗauke da sunansa shi ne ke kwance ana ƙara masa ruwa. Dole Malam ya kama ɗaki a otal don ya sami abin nunawa. Kuɗin biza a lokacin Yuro 60 ne, ya koma 80 a 2020, ya koma 90 a 2024. Ƙa'ida ta ce a ba mai nema amsa cikin kwana 15, amma daga ranar da ya miƙa takardu ake fara ƙirga, ita kuwa ranar miƙawa sai an ba mutum. Agusta ne, watan da duk Turai ke tafiya hutu. Rana mafi kusa da ya samu tana gaba da kwana 12.

Da gari ya waye ran Litinin ya tafi ofishin da ke karɓar takardu da ƙafarsa, ko a dubi uzurinsa. Ma'aikaciyar da ya tarar ta saurare shi da ladabi, ta tambaye shi me mara lafiyan yake a gare shi. A nan harshe ya gaza. Kalmar Ingilishi da ya samu ya fassara taubashi da ita, kalma ce da ke ɗaukar duk wani ɗan dangi na kusa da na nesa, har wanda ba a taɓa gani ba. Ta ce masa gurbin gaggawa na iyaye ne da 'ya'ya da ma'aurata da waɗanda aka haifa ciki ɗaya. Ba shi da wata takarda mai hatimi da za ta nuna cewa kaka ɗaya ta goye su. Ya yi godiya ya fito.

Cikin kwanakin nan na jira ne ranar 25 ga Agusta ta zagayo, jaridun Ingila suka cika da labarin cikar shekara ɗari da fara jigilar fasinja ta sama tsakanin biranen biyu. Malam ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, irin karatun wanda ba shi da abin yi sai ƙirga sa'o'i.

Ga abin da tarihin ya ƙunsa. Ran 25 ga Yuli, 1909, wani Bafaranshe mai suna Louis Blériot ya tashi daga kusa da Calais da ɗan jirgin da ya ƙera da katako da zane, ya haye mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila, ya sauka Dover cikin ƙasa da minti 40, ya ci kyautar fam 1,000 da jaridar Daily Mail ta sa. Bayan shekara goma, ran 25 ga Agusta, 1919, wani jirgin yaƙi da aka gyara ya zama na haya ya tashi daga filin Hounslow Heath, yamma da Landan, ya nufi filin Le Bourget na Faris. Matuƙinsa Bill Lawford, fasinjansa ɗaya tak, ɗan jarida, wanda aka biya wa fam 21. Sauran kayan da ya ɗauka jaridu ne, da fatu, da wasu tsuntsayen daji da Turawa ke ci, da kirim ɗin madara. Ya yi awa biyu da rabi a hanya. Daga wannan rana aka soma zirga-zirgar jiragen haya ta kullum tsakanin ƙasa da ƙasa.

Matuƙan wancan zamani da ido suke tafiya, suna bin hanyar mota da layin dogo daga sama, in hazo ya sauko su ma su sauko ƙasa-ƙasa don kada alama ta ɓace musu. Ran 7 ga Afrilu, 1922, jirgin da ya taso daga Landan da wanda ya taso daga Faris suna bin alama ɗaya cikin hazo, suka yi karo a lardin Picardie na arewacin Faransa, mutum bakwai da ke cikinsu duka suka mutu. Shi ne karo na farko tsakanin jiragen fasinja biyu a sararin sama. Bayansa ne aka tsananta dokokin hanya da sa rediyo cikin jirage. Ya kamata a tuna da wannan in ana ƙorafin jira a filin jirgi, domin wani jinkirin da jinin mutane aka saye shi, kuma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abin da ya fi tsaya wa Malam a rai shi ne tseren 1959. A watan Yulin shekarar, don tunawa da cikar shekara 50 da hayewar Blériot, Daily Mail ta shirya gasa tsakanin ƙofar Marble Arch da ke tsakiyar Landan da ƙofar Arc de Triomphe da ke tsakiyar Faris, kowa ya bi hanyar da ya ga dama. Wani hafsan mayaƙan saman Birtaniya, Charles Maughan, shi ya ci, da minti 40 da daƙiƙa 44. Babur ya hau, ya sauka ya shiga jirgi mai saukar ungulu, ya sauka ya shiga jirgin yaƙi, a ɗaya gefen kuma ya sake yin haka. Masu shirya gasar sun gane tun a lokacin cewa daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ake auna tafiya. Shekara 60 bayan haka ga mutum zaune a Landan, da kuɗin tikiti a hannu, yana kwana na tara.

Kullum da la'asar sukan yi waya. Muryar taubashin tana ta raguwa, amma bai bar tsokana ba. Ran da Malam ya miƙa takardunsa ya ce masa, "Watan Cika-ciki ya kusa kamawa. Kada ka fake da biza ka cinye mini kuɗin shara, na san halinka." Malam ya ce, "Ka dai tanadi nawa, ina zuwa da buhu." Bayan kwana huɗu ya daina iya riƙe waya, sai matar ta riƙa kara masa a kunne. Ran kwana na 19 da asuba ta kira, tun kafin ta yi magana ya ji kukan yara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya bar wasiyya a kai shi gida. 'Yan Nijar mazauna Faris suka yi karo-karo kamar yadda suka saba, aka yi masa sutura, aka bi ofisoshi aka gama takardun ɗaukar gawa cikin kwana biyar. Daga Faris zuwa Yamai kusan kilomita 4,000 ne, jirgi kan yi wajen awa biyar da rabi. Daga Yamai mota ta ɗauke shi fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi, aka rufe shi kusa da mahaifinsa ran kwana na 25. Kashegari fasfon Malam ya dawo da biza a manne, ta wata shida, mai shiga da fita sau da yawa. Kwana 14 ke nan da miƙa takardu, ofishin bai saɓa ƙa'idarsa ko da yini ɗaya ba. Gawa ta ƙetare hamada ta isa gida kafin mai rai ya ƙetare ruwan da faɗinsa a Dover bai wuce kilomita 34 ba.

Duk da haka ya tafi, domin akwai gaisuwa, akwai kuma marayu. Ran kwana na 28 ya fita daga gidansu a kudancin Landan da ƙarfe shida na safe. Bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa suka ci masa awa ɗaya da rabi kafin ya kai Heathrow, wanda ke wajen kilomita 24 yamma da tsakiyar gari. An ce fasinja ya iso awa biyu kafin tashi, ya kuwa ga amfanin haka, gama akwai layin duba biza, akwai layin bincike inda ake tuɓe ɗamara da agogo, a ware duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, bisa dokar da aka kafa a 2006, wadda take aiki a lokacin. Tikiti ya ce tara da rabi, amma sai goma saura minti biyar jirgin ya bar ƙasa, saboda ya bi layi a bayan wasu. Heathrow hanyoyin tashi da sauka biyu kawai gare shi, alhali a shekarar nan ta 2019 fasinja wajen miliyan 80 suka bi ta cikinsa, jirage kamar 1,300 a kowace rana. Wannan layi na ƙasa, da kewayen da jirgi kan yi a sama yana jiran izinin sauka, su ne dalilin da ya sa kamfanoni ke rubuta awa ɗaya da kwata a kan tafiyar minti 50.

Jirgin bai daɗe da gama hawa ba ya soma gangarowa. Ta taga Malam ya ga ruwan, shuɗi, da jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa, kafin ya gyara zama har an wuce shi. Da suka sauka filin Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1974 arewa maso gabas da Faris, agogonsa ya ce sha ɗaya saura kwata, na bangon filin ya ce sha biyu saura kwata. Faris tana gaban Landan da awa ɗaya, rani da damina. Ba haka abin yake ba tun asali, domin daga 1911 agogon Faransa da na Ingila tare suke tafiya, sai da Jamus ta mamaye Faransa a 1940 aka mayar da shi kan na Jamus, bayan yaƙi kuma bai koma na da ba. Mai zuwa Faris daga Landan awa guda takan ɓace masa a hanya, sai in ya komo a mayar masa da ita.

Jirgin ya ɗauki kusan kwata yana gangarawa kafin ya tsaya. A wurin duba fasfo layi biyu ne, na 'yan Turai yana tafiya kamar ruwa, na sauran duniya yana jan ciki. Daga nan sai jirgin ƙasa, sai canji, sai 'yar tafiyar ƙafa. Ƙarfe ɗaya da rabi na agogon Faris ya yi sallama a ƙofar gidan. Awa shida da rabi ke nan daga ƙofa zuwa ƙofa. In aka raba kilomita 344 da wannan, za a ga bai fi kilomita 53 yake ci a awa ba, gudun tsohuwar motar itace, ga shi kuwa jirgin da ya hau yana iya wuce kilomita 800 a awa.

Matar tana cikin takaba. Ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Har ranar da ya daina magana yana tambaya ko takardarka ta fito." Ya yi mata gaisuwa, aka yi addu'a. Yaran ba su taɓa ganinsa ba sai a hoton waya, Hausarsu ma tsinto-tsinto ce. Da zai koma masauki ya kira babbar, 'yar shekara 11, ya ba ta ambulan da ya zo da shi. Ta ce, "Tonton, na mene ne?" Haka 'ya'yan Nijar kan kira baffa ko kawu. Ya ce, "Bashi ne babanku yake bina, ke za ki karɓar masa." Uwar ta gane, ta juya fuska bango.

Da zai koma, sai maƙwabta suka ba shi shawara ya bi jirgin ƙasa. Wannan hanya ba ta samu ba sai da aka haƙa rami a ƙarƙashin teku. Ma'aikatan Ingila da na Faransa, kowa na haƙowa daga gefensa, sun haɗu ran 1 ga Disamba, 1990, kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe ramin ran 6 ga Mayu, 1994. Tsawonsa kilomita 50, wajen 38 daga ciki ƙarƙashin ruwa suke. Jirgin Eurostar ya fara ɗaukar fasinja a watan Nuwamba na shekarar, yana yin wajen awa uku. Da Ingila ta gama shimfiɗa sabon layinta mai sauri a 2007, aka mayar da tasha St Pancras, tafiyar ta komo wajen awa biyu da kwata. Layin dogon kilomita 492 ne, ya fi hanyar sama tsawo da kusan 150, kuma gudun jirgin iyakarsa kilomita 300 a awa. Amma daga cikin gari yake tashi, cikin gari yake tsayawa, kuma jami'an ƙasashen biyu duk a tashar tashi suke duba fasfo, in an isa sai fita kawai. Malam ya bar Saint-Denis ya shiga ɗakinsa a Landan cikin awa huɗu da rabi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana. Ba mamaki da mafi yawan masu zirga-zirga tsakanin tsakiyar biranen biyu suka koma jirgin ƙasa. Ita ma gwamnatin Faransa da irin wannan lissafi ta yi aiki a watan Mayu na 2023, sa'ad da ta hana jiragen sama jigila daga filin Orly na Faris zuwa Nantes da Lyon da Bordeaux, saboda jirgin ƙasa yana kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi, hayaƙin da yake jawowa kuma bai kama ƙafar na jirgin sama ba.

Jirgin kan yi kamar minti 20 cikin duhun ramin. Akwai waɗanda wannan duhu ya fi musu tsawo. A watan Agusta na 2015 wani ɗan Sudan da ya gudo daga Darfur ya tsallake shingayen Calais ya shiga ramin da ƙafa, ya yi fiye da awa goma yana tafiya jirage na wuce shi, aka kama shi dab da bakin fita a gefen Ingila. An tsare shi watanni, daga baya aka ba shi mafaka. Wasu kuwa ta saman ruwan suke bi cikin kwale-kwalen roba. Ran 24 ga Nuwamba, 2021, ɗaya ya nutse da su, mutum 27 aƙalla suka halaka, har da mata da yara. A shekarar 2022 fiye da mutum 45,000 suka haye ta wannan hanya. Ruwan dai shi ne wanda Blériot ya ƙetare cikin ƙasa da minti 40, wanda Malam ya leƙa ta taga bai ko gyara zama ba. In aka jera su, kwana 28 na Malam ba su ne mafi tsawo ba, shi ma ya san haka.

Su kansu Ingilishi abin ya ɗan taɓa su daga baya. Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai ran 31 ga Janairu, 2020, kuma daga farkon 2021 mai fasfonta ba ya wuce kwana 90 cikin kowane 180 a ƙasashen Schengen in ba da biza ba. Duba fasfo ya ƙara tsawo a tashoshi, har a farkon 2023 kamfanin Eurostar ya bayyana cewa yakan bar kujeru babu kowa a wasu jiragen safe, don layin ba zai ƙare kafin lokacin tashi ba. Ba a ƙara ko taku ɗaya a kan kilomita 344 ba, amma Faris ta ƙara nisa.

To, mai karatu, in ɗa ko ƙane ya tafi karatu ɗaya daga cikin biranen nan, aka ce ai wane yana ɗaya birnin, tafiyar awa guda ce, a yi tambaya tukuna. A tambayi nisan gida da filin jirgi a kowane gefe, a ƙara awa biyu na jira, a tuna da awa ɗaya ta bambancin agogo, a gwada da jirgin ƙasa. Kafin wannan duka a tambayi takarda, domin bizar Ingila ba ta shiga Faransa, ta Faransa ba ta shiga Ingila. Wanda yake da ɗan'uwa a ƙetaren ruwan ya nemi bizarsa tun kowa yana lafiya, tun mai gida yana iya zuwa ofishin magajin gari da ƙafarsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Bizar Malam ta wata shida ba ta tafi a banza ba. Kafin ya komo gida ya sake hayewa sau biyu ya duba yaran, duk ta jirgin ƙasa, ya raka uwarsu ofisoshin da ake bin haƙƙin marigayi, ya koya wa ƙaramin gaisuwar safe da Hausa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, a wannan zamani kuwa sai ƙafar ta sami izini. Allah Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya raya abin da ya bari, Ya sauƙaƙa wa matafiya hanya, amin.